Akun Aljihu

Ana yawan zargin masu karanta littattafan soyayya da gudun duniya, wai sun bar gaskiya sun kama mafarki. Ai Malam Abubakar Imam ya riga ya tona asirin sana'ar shagaltar da mutum da labari tun 1937. A littafin farko na Magana Jari Ce, duk daren da Musa ɗan sarki ya yi ɗamarar fita, sai aku ya ɗauko labari. Kafin a kai ƙarshe, gari ya waye. Da surutu aka tsare yaro har uban ya dawo daga yaƙi, aku kuma ya tashi da sarautar waziri.

Ni nawa akun yana aljihu, caji yake ci.

Jiya uwargida ta ce, "Malam, ba cefane fa." Na ce ta bari jarumin fim ɗin Indiyan nan ya gama dukan ƙarti arba'in. Ya gama, ya hau dutse yana waƙa, ya canja riga sau biyar. Da na ɗago kai, ana kiran magariba, masu tumatir sun naɗe buhu.

Akun Musa dai ya ceci ran yaron daga makircin tsohon waziri. Mu da gari da ƙuli muka kwana.