Ragon Kawu a cikin keji

Mai agashe a Omdurman ba ya bukatar allon talla, hayaƙi ne ke kira masa jama'a. Naman nan mai yaji da ƙuli Hausawa ne suka kai shi Sudan, jikokin mahajjatan ƙasa da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi a 1903, har suka kafa garin Mai Wurno. Amma wani kawuna da ke gashi kusa da babbar kasuwar garin, kafin yaƙin 2023 ya watse da kowa, ya ga maƙwabcinsa ya kafa allo, shi ma ya ce sai an yi masa. Aikin ya faɗa kan ƙanena, ɗalibi a Jami'ar Afirka da ke Khartum, don kawai an taɓa ganin sa da kwamfuta.

Sharaɗi ɗaya Kawu ya kafa: ragon da za a sa a allon ya fito da ƙiba.

Ragon da yaron ya samo a intanet kuwa ramamme ne. Ya buɗe Blender, manhajar da ta zama kyauta tun 2002, ya tarar jikin dabbar raga ce mai dubban ɗigo. Wa zai ja su ɗaya bayan ɗaya? Sai ya nemi dabarar da Thomas Sederberg da Scott Parry suka fito da ita a Amurka a 1986: a kewaye abu da keji mai 'yan ɗigo kaɗan, in an ja ɗigon keji, abin da ke ciki ya bi, kamar ƙullu a leda. Dabara ce mai kyau ƙwarai, illarta ɗaya, ba ta tambayar mutum abin da yake nufi.

Ya ja gefen keji, ciki ya buɗe, ya ɗaga sama, gadon baya ya cika. Sai dai idanu da ƙahonni daban aka ƙera su, bai haɗa su da kejin ba. Rago ya yi ƙiba ya matsa gaba, ya bar idanunsa biyu suna reto a iska.

"Kai ɗan nan, wannan rago ne ko aljani?" in ji Kawu, wanda ya ja kujera ya zauna gadin aikinsa.

"Kawu, a yi haƙuri, yanzu zan haɗa su."

Ya danna A, ya zaɓi komai da komai, ya ɗaure wa keji. Idanu suka koma gurbinsu. Abin da ya manta, hoton Kawu na tsaye bayan ragon, sanye da farar jallabiya da rawani, shi ma ya shiga keji. Kowane ja da aka yi wa cikin rago, Kawu ya samu rabonsa. Mutumin da tsinken nama ya fi shi kauri ya wayi gari da tumbi har gwiwa, rawani ya baje, kai ya tsuke.

Yaro ya kai hannu zai warware, gumi na zuba.

"Tsaya!" Kawu ya matso ya ƙura wa kansa ido. "Tumbin nan ka bar shi, a san sana'a na ci. Rawanin dai ka gyara, kada a ce ban iya naɗi ba."

Haka aka kai hoton kasuwar Suƙul Arabi aka buga, mita biyu. Ladan aikin tsinke huɗu ne, Kawu ya cire kuɗin biredi.