Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Harajin Ribar Kadara

Zuwa ga Mai Girma Harajin Ribar Kadara, ta hannun Hukumar Tattara Kuɗin Shiga ta Jihar Kano.

Masu filaye da gidajen haya na Hotoro, tare da maƙwabtansu na Gyadi-Gyadi da Tarauni, suna sanar da Mai Girma cewa labarinsa ya iso gare su, ko da yake ya iso a makare, domin an haife shi tun a shekarar 1967, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, amma da yawa daga dillalan da ke zaman jiran ciniki a bakin titin Maiduguri ba su san da zamansa ba sai bayan da Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji ranar 26 ga Yuni, 2025. Kada Mai Girma ya ga laifinsu, domin tun da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, Bakano ya saba ɗaukar duk wani haraji a matsayin abin da ya shafi ma'aikacin gwamnati, wanda ake yanke masa tun kafin albashi ya shigo hannu.

Saboda waɗanda za a karanta wa wasiƙar nan a majalisa, ya kamata a fayyace cewa ribar kadara ita ce ratar da ke tsakanin kuɗin da mutum ya sayi dukiya irin ta ajiya, kamar fili ko gida ko hannun jarin kamfani, da kuɗin da ya sayar da ita, bayan an cire abin da ya kashe wajen gyara da la'adar dillali da kuɗin lauya da na safiyo. Daga wannan rata Mai Girma yake ɗaukar rabonsa, wanda ya daɗe yana kashi 10 cikin ɗari, har zuwa 1 ga Janairu, 2026, lokacin da aka haɗe ribar da sauran kuɗin shigar mutum, ana yanka ta hawa-hawa, daga naira 800,000 na farko da ba a taɓawa har zuwa kashi 25 cikin ɗari ga masu ƙumbar susa. An kuma ɗora wa mai kadara nauyin ya bayyana cinikin da kansa a takardar kuɗin shiga da ake miƙawa kafin ƙarshen Maris, wato shi ne zai kai ƙarar kansa.

Babban abin da ya sa aka ɗauki alƙalami shi ne yadda Mai Girma yake lissafi. A ƙaddara wani magidanci ya sayi fili a Hotoro a 2014 kan naira miliyan 5, lokacin da dala take wajen naira 160, ya kuma sayar da shi a 2025 kan naira miliyan 30, lokacin da dala take wajen naira 1,500. A idon Mai Girma wannan bawan Allah ya ci ribar miliyan 25, kuma a tsohon tsari miliyan 2.5 ne rabon hukuma, a sabon tsari kuwa, ko da ba shi da wata hanyar samu, rabon zai kusan kai miliyan 4.7. Amma miliyan 5 ɗin farko ta haura dala 31,000, miliyan 30 ɗin ƙarshe kuwa dala 20,000 ce, ma'ana fiye da sulusin dukiyarsa ya zube yana zaune yana gadin katanga. Filin bai ƙara ko taku ɗaya ba, naira ce ta faɗi, musamman tun da aka sake ta ga kasuwa a Yunin 2023, har hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024, kuma mai filin yana gane hakan ne ranar da ya je sayen siminti da rodi da kuɗin da aka taya shi murnar samu. Ingila, wadda daga wajenta aka kwaikwayo Mai Girma, ta taɓa shigo da rangwamen hauhawar farashi a 1982 don kada a ci harajin ribar da ba ta wuce kan takarda ba, amma wannan darasi bai biyo jirgi ba.

Batun asara kuwa ya fi ban mamaki. Shekara 56 Mai Girma ya yi yana halin abokin haɗin gwiwar da ba a ganinsa sai ranar rabon riba, domin dokar 1967 ba ta yarda a cire asara daga riba ba ko kaɗan. Sai a Dokar Kuɗi ta 2023 aka sassauta, aka ce ana iya cire asara daga ribar kadara iri ɗaya, a kuma ɗauke ragowarta zuwa gaba har shekara biyar, a daidai dokar da ta jawo kuɗin kirifto cikin kadarorin da ake yi wa haraji. Samarin Gyadi-Gyadi da suka narkar da jarinsu a waya sun ji daɗin cewa hukuma ta amince sun yi asara, ko da yake sai sun ci wata riba tukuna amincewar za ta yi musu rana.

Sai maganar takardu, inda Mai Girma da Hotoro suke magana da harshe biyu. Mai Girma yana son rasit na kowane bulo da kowace tifar yashi, alhali cinikin fili a nan yakan ƙare ne da takarda guda mai ɗauke da sa hannun mai unguwa da shaidu, birkila ba ya yanka rasit, mai haƙa rijiyar burtsatse ma haka, dillali kuwa yakan karɓi la'adarsa ya yi addu'ar Allah ya sanya alheri. Wanda bai ajiye shaida ba, duk abin da ya kashe zai koma riba a lissafin hukuma. Ana kuma zargin, ba tare da an kama sunan kowa ba, cewa akwai cinikin da farashinsa na baki daban, na takarda daban, kuma ƙarin kaso ba zai rage wannan ɗabi'a ba.

Ba a manta da alherin Mai Girma ba. Ya yafe gidan da mutum yake zaune a ciki tare da harabarsa har eka guda, ya kuma yafe hannun jarin da cinikinsa bai kai naira miliyan 150 a wata goma sha biyu ba, matuƙar ribar ba ta wuce miliyan 10 ba, abin da ya kwantar da hankalin dattawan Tarauni masu tsofaffin satifiket na bankuna a ƙasan akwati.

Roƙon da ake yi bai wuce biyu ba. Na farko, a riƙa auna kuɗin saye da darajar naira ta shekarar da aka saya, yadda za a raba ribar gaske da faɗuwar kuɗi. Na biyu, a fitar da takardar cikewa da Hausa, a kuma faɗa ƙarara ko takardar mai unguwa tana cikin shaidun da ake karɓa, domin kafin ƙarshen Maris mai zuwa akwai magidantan da za su buƙaci lokacin neman birkilan da ya yi musu katanga a 2014, wanda aka ce ya koma Abuja.

Wassalam. Daga masu filaye da gidajen haya na Hotoro da kewaye.