Fatawar Mai Kallo

A daren 1 ga Satumba 2022, bayan shekara 11 ba su gamu ba, Jami'ar Pittsburgh da ta West Virginia suka buɗe kakar wasa da tsohuwar adawarsu wadda ta samo asali tun 1895, a irin ƙwallon nan da Amurkawa ke kira na ƙafa, alhali kuwa rungumarsa ake yi a sheƙa da gudu. Saura kamar minti uku a tashi, ana kunnen doki, sai ƙwallo ya suɓuce daga hannun ɗan West Virginia ya faɗa hannun M.J. Devonshire na Pittsburgh, wanda bai tsaya neman ba'asi ba sai da ya kai shi gida, aka tashi 38 da 31.

Shi kuwa magoyin bayan West Virginia, wanda tun kafin a fara ya yi yaƙini cewa shekarar tasu ce, kafin asuba ya zama mufti, ya ba da fatawa, ba tare da ijma'in kowa ba, cewa wajibi ne a sallami kociya Neal Brown, domin ya sa an doka wa abokan gaba ƙwallo a sa'ad da taku guda kacal ya rage a ci gaba da riƙe shi. Ta'aziyya ba ya karɓa, kuma in ka tunatar da shi cewa saura wasa 11, sai ya ɗauka barazana kake yi masa. Waɗanda suka ci riba su ne tsofaffin kujerun garin Morgantown, mazaunin Jami'ar West Virginia, da ɗalibai suka shahara da ƙonawa ranar nasara.