Baƙo a Zauren Sirri

Gwamnatin Amurka ta ware wa saƙonninta na imel hanyoyi uku: NIPRNet don aikin yau da kullum, SIPRNet don sirri, JWICS kuwa don sirrin da ko uwargida ba ta ji. Har launin tambarin kowace daban, wai kada mai gyangyaɗi ya ruɗe.

Sai ga watan Maris na 2025, manyan jami'ai suka bar duk wannan, suka buɗe zaure a manhajar Signal suna tattauna harin Yaman. Mike Waltz, mashawarcin tsaron ƙasa sukutum a lokacin, ya jefa editan mujallar The Atlantic ciki. Bawan Allah yana zaune cikin motarsa, ya san lokacin tashin jiragen yaƙi tun bam bai sauka ba. Da farko ma ya ɗauka tarko aka ɗana masa.