Yadda Ake Zama Mawaƙi a Abuja Ba Tare da Yunwa Ta Karɓi Amshi Ba

Duk saurayin da ya sauka a tashar Zuba da jakar goyo, waya cike da baitoci, zuciya cike da burin zama mawaƙi a Abuja, ya fara sanin cewa ba Abuja zai kwana ba. Mararraba zai kwana, wadda take jihar Nasarawa, ko Suleja ta jihar Neja, in kuma Allah ya yi masa buɗi, Kubwa. In a Mararraba ya kwana, da asuba zai bi ayarin motocin da ke rarrafe ta Nyanya, kuma kada ya yi tsaki, don cunkoson nan gata ne: awa biyu a kujerar baya, mutum huɗu a matse, sun isa a tsara waƙa har da amshinta. Batun ya hau acaɓa ya tsere kuwa bai taso ba, tun 2006, zamanin El-Rufa'i yana ministan birnin, aka kori baburan haya daga tsakiyar gari.

Sai suna. Mawaƙi ba ya cin abinci da sunan yanka. Magabata sun amsa Shata, Narambaɗa, Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya, na yau suna amsa Rarara, Gwanja da Breaker. Ya nemi gajere, mai daɗin kwararawa a bakin sanƙira, mai shiga fosta. "Sarkin Waƙa" dai an riga an naɗa Naziru. "Dakta" kuma sai a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata, bayan kalangu ya sha duka shekaru aru-aru, ko da yake a Abuja ba a rasa masu shirya taron karramawa da za su gajarce wa mutum hanya in ya biya kuɗin tebur.

Murya ba abin tada hankali ba ce. Aikin da makaɗa da 'yan amshi suke yi a da, yanzu yaro ɗaya ne yake yin sa da fiyano da kwamfuta, har ya miƙe wa mutum muryar da ta karkace. A dai biya shi kuɗinsa a hannu. Mai kiɗan da aka ce wa "in waƙar ta fashe za ka ji ni" yana da hanyar sa ta kada ta fashe.

Yanzu a zo kan jigon sana'ar. A Kano ana waƙa don jama'a su ji, a Legas don su taka rawa, a Abuja kuwa don mutum ɗaya ya ji sunansa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa, kowane makaɗin fada yana da ubangidan da ke ba shi doki da riga da hatsin shekara. Fadar ce kawai ta yi ƙaura zuwa Asokoro da Maitama, dokin ya koma mota, rigar ta koma kujerar Makka. Iyayen gida kuwa ga su nan jibge: sanatoci 109, 'yan majalisar wakilai 360, jimilla 469, ban da ministoci, ban da shugabannin hukumomi, ban da waɗanda suka faɗi zaɓe suna jiran a tuna da su. Waɗannan na ƙarshe sun fi kowa son kirari, sun kuma fi kowa jinkirin biya.

Kai waƙar shi ne jidali. Mawaƙi zai iso bakin get da hantsi, shadda ta sha guga, hula an kafa ta, waƙa tana cikin waya. Mai gadi zai leƙo ta 'yar taga ya ce oga yana barci. Da azahar oga yana mitin. Da la'asar oga ya tafi filin jirgi, alhali ga takalmansa can a ƙofar falo. Saboda haka mai wayo ba ya farawa da oga. Yana farawa da mai gadi, ya san sunan garinsu, ya yi masa "ranka ya daɗe". Daga nan direba, don shi ke riƙe da rediyon mota, kuma a hanyar filin jirgi akwai isasshen lokacin da waƙa za ta zagayo sau uku. Baiti guda na direba a tsakiyar waƙar ya fi wasiƙa goma aiki. Ranar da aka ce "shigo", ya cire takalmi, ya durƙusa, ya kunna. In oga ya gyaɗa kai ya ce "turo lambar asusunka", kada ya ci bashi a kan maganar. Sai ya ji ƙarar alat.

Babban malamin wannan fanni Dauda Kahutu Rarara ne, ɗan jihar Katsina. Ya yi wa Buhari waƙa har ta zama taken kamfe. A 2020 ya ce masoyan Buhari su turo naira dubu ɗai-ɗai kafin ya saki sabuwa, aka yi ta turawa, aka yi ta cece-kuce. A zaɓen 2023 ya koma wa Tinubu, kafin shekarar ta ƙare kuma ya fito gaban 'yan jarida ya soki mulkin Buharin. Ɗalibi mai lura zai ɗauki darasi na aiki: a gina waƙa yadda za a iya zare suna a sa wani ba tare da kari ya karye ba. Zambo kuwa a yi shi da habaici, kada a kama suna, don abokin gabar oga na bana yana iya zama ogan baɗi. A Kano ma akwai hukumar tace finafinai da ta taɓa kama Naziru a 2019 kan waƙoƙin da ta ce ba a kawo mata ta duba ba.

Sai dai daminar siyasa sau ɗaya take zuwa a shekara huɗu. Rani na biki ne: kamu, dina, wuni. Nan ma akwai ƙaya. Sashe na 21 na dokar Babban Banki ta 2007 ya haramta liƙi da tattaka naira, hukuncinsa aƙalla wata shida a gidan yari ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, kuma a Afrilun 2024 kotu a Legas ta ɗaure Bobrisky wata shida a kan haka. Hedikwatar EFCC, mai farautar masu liƙin, tana nan Jabi, ba nisa. Don haka mawaƙin zamani yana zuwa da kwano mai faɗi da lambar asusu rubuce da manyan baƙaƙe. Abin takaicin shi ne Alhajin da zai zubar da dubu ɗari in ana kallonsa, dubu biyar yake turawa in daga shi sai wayarsa. Ga kuma wata: in bikin na manya ne, daga Kano ko Kaduna ake ɗauko tauraro a jirgi, ɗan gida shi ke ɗumama fili kafin amarya ta iso, lokacin da ba kowa a zauren sai masu jera kujeru.

To intanet fa? Tana yin sarki dare ɗaya. "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta game gari a 2020, lokacin kullen korona, da matan aure suka riƙa taka ta a gaban mazajensu suna ɗorawa. Abuja ma tana da nata: Styl-Plus a farkon shekarun 2000, sai Odumodublvck, wanda ya yi waƙar Declan Rice a 2023, har Arsenal ta yi amfani da ita ranar da ta sanar da sayen ɗan wasan. A lura, shi ma ubangida ya yi wa waƙa, nasa dai a Ingila yake. Amma kallo ba kuɗi ba ne. Abin da Audiomack da YouTube za su turo wa sabon shiga da ƙyar ya biya data, mai tura waƙoƙi a rumfar cajin waya kuma yana sayar da waƙar ba tare da sallama ba. Akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris 2023, hukumar da ke kula da ita ma a Abuja take. Ya karanta dokar, ya rubuta yarjejeniya da mai kiɗa tun ana dariya.

Wanda ya zo da sana'ar hannu, ɗinki ko gyaran waya, kada ya sake ta tukuna, kuma kullum ya ware kuɗin motar komawa Mararraba a aljihun da ba ya taɓawa. Babban zaɓe na gaba a 2027 yake. Mai niyya ya shiga situdiyo tun yanzu ya buga kwafi biyu, ɗaya da "tazarce", ɗaya da "canji".