Ranar Miƙa Mukulli

A Gaya da Ajingi yawancin mutane a gidajen gado suke zaune, don haka ɗan haya galibi baƙo ne da aiki ya kawo: malamin makaranta, ma'aikacin asibiti, ɗan sanda, ma'aikacin sakatariya. Shiga ba ta da wuya. Dillali ya karɓi la'adarsa, a ƙirga kuɗin shekara gaban shaidu, a shafa fatiha, sau da yawa ko takarda babu. Ranar fita ake sanin wanda aka ajiye.

Akwai Malam Saura Rufi. Tun ranar da aka ba shi notis yake cewa, "Alhaji, a ƙara haƙuri, ginina saura rufi." An kafa masarautar Gaya a 2019, aka rushe ta a 2024, aka dawo da ita mai daraja ta biyu duk a shekarar, shi yana nan saura rufi. Idan aka matsa, sai ya rikiɗe lauya. Ya san ɗan hayar shekara wata shida ake ba shi, ya san bayansu akwai notis na kwana bakwai kafin a je kotu, amma ka tambaye shi watan da kuɗinsa ya ƙare, sai ya ce zai duba. An kai shi gaban mai unguwa, an kai shi gaban dagaci, kuma ko ina ya fi mai gidan iya gaisuwa.

Kishiyarsa shi ne Mai Tashin Asuba. Jiya tare aka yi sallar isha'i, yau ɗaki wayam. A-kori-kura ta zo cikin dare ba fitila, ta ɗau hanyar Wudil. Mukulli yana wajen mai shayi, tare da saƙon cewa cikon wata huɗu zai turo.

Ɗan bautar ƙasa ba ya ba da wahala. Katifa, bokiti, risho: ya sayar ko ya rabar, ya ɗau hoto da yaran gida, ya hau mota.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne Da Kuɗina Na Sa. Ya kwance ƙwan fitila, ya cire soket, ya zare kan famfo, ya naɗe igiyar shanya. Na ga wani durƙushe da filaya yana fama da ƙusar da ya rataye kalanda, ta lanƙwashe, ya miƙe ta da dutse, ya jefa aljihu. Matarsa kuwa tana tsakar gida tana tuge zogale, wai ita ta shuka. Masai kaɗai suke bari, shi ma a cike.

Sai Ya Tashi Bai Tashi Ba. An kwashe iyali, amma ɗaki guda na garƙame da kwaɗo, da buhunan gero a ciki, ga akuya a ɗaure, tattabaru kullum suna dawowa kwana. Sabon ɗan haya ya biya kuɗin gida sukutum, yana zaune a rabi.

Masu gida ma ba waliyyai ba ne. Akwai wanda bai leƙo ba ko da indararo ya faɗi da damina, amma ranar tashi zai zo da tocila yana ƙirga tsagar bango, har wadda ta girmi ɗan hayar.

Gwanin 'yan hayar duka shi ne Mai Neman Yafiya. Ya bi layi gida-gida, ya sallami liman, ya raba wa yara alewa, sannan ya durƙusa gaban mai gida, murya na rawa: "Baba, zama tare sai da saɓani. Abin da na sani da wanda ban sani ba, a yafe mini." Dattijo ya ce, "Haba ɗana, na yafe duniya da lahira," jama'a suna ji. Bayan mako guda ma'aikacin KEDCO ya yi sallama da takardar kuɗin wuta na wata tara, da sunan mai gida a jiki. Baba ya kira ɗan hayar a waya.

"Ai Baba kun yafe," in ji shi. "Liman ma shaida ne."