C6 ma kiredit ce, in ji mai C6

Na san akwai mai karatun da ya taɓe baki tun daga kan take. Shi ne wanda duk shekara, da zarar jami'o'i sun fara sakin sunaye, zai fito yana rantsuwa cewa ƙanensa ya ci maki 288 a JAMB amma an hana shi likitanci, an ba wani mai 248. Daga nan sai a zagi jami'a, a zagi magatakarda, a zagi Najeriya, a rufe da Allah ya isa. To malam, kafin Allah-ya-isarka ta tashi sama, ɗauko mana takardar WAEC ta yaron nan mu gani. A'a, kada ka ce tana ƙasan akwatin Hajiya. Muna jira.

Yauwa. Turanci C6, lissafi C6, fizis C6, kemistiri C6, bayoloji C6. Ma sha Allah, yaro mai adalci, bai fifita wani darasi a kan wani ba. Kana cewa ai kiredit biyar sun cika, kuma gaskiyarka, sun cika. Sai dai kiredit biyar katin gayyatar ɗaurin aure ne. Yana kai ka ƙofar gidan, a ba ka tabarma da alawa, amma ba shi zai sa a ɗaura da kai ba.

Bari mu yi lissafi, duk da na ga makin lissafin gidanku. Takardar WAEC da ta NECO matakai tara gare su, daga A1 har F9. Daga A1 zuwa C6 ne kiredit, D7 da E8 ci ne na jeka-na-yi-ka, F9 kuwa sai mu yi shiru saboda yara. A bakin mutane duk abin da ya kai C6 ɗaya ne, wai kiredit kiredit ce. A teburin masu tantancewa na wasu jami'o'in ba haka ba ne, kowane harafi kuɗinsa daban.

Jami'ar Legas ce misalin da ya fi fitowa fili, domin tsarin da aka san ta da shi a shekarun nan ba ɓoyayye ba ne. Maki ɗari take rabawa uku: 50 na JAMB, 30 na jarrabawar tantancewa tata, wadda ake kira Post-UTME, 20 na takardar sakandare. Makin JAMB, wanda ƙarshensa 400 ne, sai a raba shi da takwas. A takardar sakandare kuma darussa biyar na kwas ɗin ake dubawa, A1 ta ci 4, B2 ta ci 3.6, B3 ta ci 3.2, a yi ta sauka har C6 da ke cin 2. Mai A1 biyar ya tashi da 20, mai C6 biyar ya tashi da 10. Goman nan da ke tsakaninsu, in ka mayar da ita makin JAMB, maki 80 ce cur. Tamanin, malam. Ka tambayi duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfutar nan yana kallon agogo na gudu ya faɗa maka yadda ake shan wuya kafin a ƙara maki goma.

Yanzu mu dawo kan ƙanenka. 288 a raba da takwas, 36. A ƙara goman C6 ɗinsa, 46. Wancan da ka ce ɗan alfarma ne, mai 248, ya samu 31. A ce yana da A1 uku da B3 biyu, 18.4 ke nan, jimilla 49.4. Tun ba a shiga ɗakin tantancewa ba ya riga ya sha gaban ɗan gidanku, kuma babu wanda ya buga wa kowa waya.

Na ji wani Bagobiri daga can baya yana cewa me ya haɗa shi da lissafin Yarabawa, shi Jami'ar Usmanu Danfodiyo ɗansa zai je. Ranka ya daɗe, tsakaninka da Bayarabe ba na shiga, wasanku ya girme ni. Gaskiya ne kowace jami'a da nata ma'aunin, akwai masu ba haruffan maki, akwai waɗanda JAMB da tantancewa kawai suke haɗawa su raba. Amma ko a Sakkwato, ko a Bayero, ko a Maiduguri, akwai abin da takardar sakandare take yi wanda babu mai tsallake shi. Tun 2017 JAMB ta kawo manhajar CAPS, kuma ta cikinta kowane gurbi yake bi. Ɗalibin da bai ɗora sakamakon sakandarensa a kanta ba, ko 350 ya ci, sunansa ba zai motsa ba. Yara da yawa suna rajista da cewa suna jiran sakamako, sakamakon ya fito, a yi murna, a yanka kaza, a manta da komawa cibiyar JAMB a ɗora shi. Bayan wata shida a ce maƙiya ne.

Sai maganar zama. Ƙa'idar da aka fi sani ita ce kiredit biyar a zaman da bai wuce biyu ba, wato kana iya haɗa WAEC ta bana da NECO ta baɗi ka yi faci. Amma kwasa-kwasan da ake rububi, likitanci a kan gaba, jami'o'i da dama zama ɗaya suke nema. Turanci, lissafi, fizis, kemistiri da bayoloji, duka a takarda guda. Wanda ya ci huɗu da kyau, fizis ta kayar da shi, ya sake zama ya ci A1 a cikinta, a irin waɗannan wurare bai gyara komai ba, sai dai ya sake cin biyar ɗin gaba ɗaya a sabon zama. Ni kaina ina ganin tsaurin nan ya yi yawa, domin yaro na iya tashi da zazzaɓi ranar fizis. Amma ba ni aka tambaya ba, kuma ba za a tambaye ka ba.

Alhaji kuma, wanda tun ɗazu yake murmushi yana jan carbi, shi nasa ra'ayin daban ne. Ya ce duk wannan surutu ne, a ƙasar nan in kana da uwa a gindin murhu ba ka cin tuwo gaya. Alhaji, ban ƙaryata ka ba. Alfarma tana nan, ba ta mutu ba, ba ta ma yi ciwon kai ba. Sai dai ka lura da iyakarta. Wanda ka sani zai iya ɗaga yaro daga na ɗari da hamsin ya kawo shi kusa, amma ba zai iya mayar da D7 ta kemistiri ta zama kiredit ba. Ko an lallaɓa an shigar da shi, ranar tantance takardu tana nan, kuma an sha korar ɗalibai suna aji uku ko huɗu saboda an gano takardarsu ba ta cika ba. Sannan likitanci da lauya ba jami'a kaɗai ke da ta cewa ba. Majalisar likitoci ta ƙasa ita ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka, haka ma majalisar koyar da aikin lauya. Kujerun ƙidayayyu ne, masu uwa a gindin murhu kuma sun fi murhun yawa.

Wani zai ce ai mu 'yan Arewa akwai kasonmu. Akwai. A jami'o'in tarayya kashi 45 na cancanta ne zalla, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 na jihohin da aka ce an bar su a baya a ilimin boko. To amma a cikin kason nan da wa kake takara? Da ɗan uwanka Bakano, da Bakatsine, da Bahaɗeje, kuma a cikinsu akwai 'ya'yan makarantun kimiyya irin su Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, waɗanda ba su san wasa da kemistiri ba. Kason ya rage maka yawan abokan karawa, bai ce a ɗauke ka a kan C6 don kana da takardar shaidar ƙaramar hukuma ba. Zage-zagi ma su daina kallon ABU kamar gadon gidansu. Tun 1962 take nan a Samaru, kuma har yau ba a taɓa jin ta ba mutum gurbi saboda yana jin ƙarar ƙararrawarta daga ɗakinsa ba.

Inda abin ya fi ba ni takaici, kuma a nan zan ɗan rage wasa, shi ne yawancin hukuncin ba a aji shida ake yanke shi ba. Tun yaro na shekara goma sha huɗu ko sha biyar, ya gama ƙaramar sakandare, ake raba su: kai kimiyya, kai adabi, kai kasuwanci. Wani saboda makinsa, wani saboda abokinsa ya tafi can, wani saboda ajin kimiyya ya cika. Babu wanda ya zaunar da shi ya ce masa in yana son lauya sai da adabin Turanci, in yana son injiniya sai da fizis da kemistiri. Shekara uku bayan haka sai ya je shagon kafe cike fom, nan ne mai shagon zai zama shi ne mashawarcinsa na farko a rayuwa. Uba kuwa bai taɓa taka makarantar ba tun ranar da ya kai shi, amma shi ne zai fi kowa ɗaga murya idan sunaye suka fito.

Kuma a nan masu shakka suna da magana mai nauyi, na ba su ita. Idan haruffa suna da maki, to wa ya fi samun haruffan? Yaron da makarantarsu ke da ɗakin gwaje-gwaje da malamin fizis na dindindin da lesin na yamma. Ɗan makarantar ƙauye, wanda malamin fizis ɗinsu ɗan bautar ƙasa ne da ya zo a watan uku ya tafi a watan goma, idan ya ci C5 da guminsa, wallahi C5 ɗin nan ta fi A1 ɗin wasu daraja. Amma kwamfuta ba ta san gumi ba, 2.4 za ta rubuta masa. Ga kuma cibiyoyin mu'ujiza, inda ake biyan kuɗi a rubuta wa yara amsa a allo, yaro ya fito da A1 a Turanci alhali ba zai iya rubuta takardar neman aiki ba. Jami'o'i sun san da wannan. Rashin yarda da makin da ake kawo musu, musamman na JAMB, shi ne ya sa aka fara jarrabawar tantancewa a 2005. Ministan ilimi na lokacin, Adamu Adamu, ya soke ta a 2016, ba a yi nisa ba aka dawo da ita a 2017. Don haka mai A1 ta saye ma kada ya yi saurin dariya, akwai ɗakin da zai shiga shi kaɗai, babu malamin da zai tsaya a bakin taga. Hukumar WAEC kuma duk shekara tana riƙe sakamakon ɗimbin ɗalibai saboda zargin satar amsa, wani lokaci har da na yaron kirki da tsautsayi ya zaunar da shi a cibiyar.

In kana ganin an matsa maka, ka leƙa wajen 'yan uwanmu na Zangon Kumasi da Nima. A Ghana babu JAMB. Wannan WAEC ɗin dai da muke rainawa, wadda aka kafa tun 1952, ita ce alƙali. Darussa shida ake haɗawa, A1 ɗaya, B2 biyu, a yi ta hawa, kuma wanda jimillarsa ta fi ƙanƙanta shi ne gwani. Shida ita ce ƙarshen kyau, likitanci a jami'ar Legon ko a jami'ar Kwame Nkrumah ta Kumasi kuwa ba ya yin nisa da shidan nan. Ƙanenka mai adalci, da a can yake, in na shidan ma C6 ne, 36 zai tara. Ka gode wa Allah da ya ajiye ka inda ake ba mutum damar rama faɗuwarsa da wata jarrabawar.

Damar ma ba kowa ke cin moriyarta ba. A 2024 kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka zauna JAMB ba su kai 200 ba. Ka ga masu tafiya da nufin su rufe ramin WAEC da makin JAMB, yawancinsu rami na biyu suke haƙawa. A saman tsani kuma, inda masu 270 zuwa 320 suke cunkushe suna neman kujeru ƙalilan, rabin maki na iya raba mutum biyu, kuma tazarar B3 da B2 a ma'aunin Legas ta kusa rabin makin nan.

To yanzu me za a yi da yaron? Hajiya tana cewa a kai sunansa wajen malam. A kai, addu'a ba ta ɓaci, amma a biya ta ofishin NECO a hanya. Akwai zaman masu zaman kansu na ƙarshen shekara, WAEC na yi, NECO na yi, yaro zai iya sake cin biyar ɗinsa a takarda guda. Akwai IJMB da ABU ke gudanarwa, wadda ke kai mutum aji biyu kai tsaye in ya yi ƙoƙari, duk da ita ma sai da kiredit ɗin sakandare a hannu. Akwai makarantar share fage ta Funtuwa. Akwai kuma canza kwas, wanda ba zunubi ba ne, duk da a wasu gidajen in yaro ya ce zai karanta ilimin halittu maimakon likitanci sai a yi kamar an yi rasuwa.

Kai kuma mai ƙaramin ƙane a aji huɗu, wanda kake karanta wannan kana dariyar maƙwabcinka, yaushe rabonka da ganin katin sakamakonsa na zangon da ya wuce? Ya ce maka firinsifal bai sa hannu ba ko? Tun watan jiya ya sa.